Kafin ka zuba jikkunanka a kan gimbal, duba irin rawar da hotonka yake yi

A fadarmu ta Bukoki, bayan sallar isha'i, wani yaro da ya fara bin mu ɗaukar buki tun bara ya miƙo mini salularsa. Hotunan gimbal huɗu ne, na'urar da ake ɗora kamera a kai don hoto ya daina rawa, da wani mai zuwa Dubai sarin kaya ya turo masa ta WhatsApp, kowace da kuɗinta a ƙasa. Ya ce, "Yaya, wacce zan ɗauka? Uwar amaryar da na yi wa aiki ta ce bidiyona jiri yake sa ta." Na ce ya ajiye hotunan tukuna, ya nuna mini bidiyon. Muka kalla har shayi na biyu ya sauka. Gaskiyar Hajiya ce, hoton yana rawa. Sai dai rawar ba iri ɗaya ba ce, kuma na'urar da yake shirin saye da kuɗin da ya shekara yana tarawa ba za ta kashe dukansu ba.

Nan ne yawancin masu kamera a Yamai suke yin tuntuɓe. An ɗauka rawar hoto ciwo ɗaya ne mai magani ɗaya, wato gimbal, ko stabilizater kamar yadda wasu ke cewa. Alhali in ka zauna ka kalli aikinka a tsanake, za ka ga akwai karkarwar hannu, ƴar ƙarama mai sauri, wadda take nan ko kana tsaye wuri ɗaya kana riƙe numfashi. Ita wannan zum ne ke hura mata wuta: karkarwar da ba a lura da ita a objektif (gilashin gaban kamera) mai milimita 24, in ka ja zuwa 200 sai ta zama kamar ana girgiza rariya. Akwai kuma juyawar kan kamera, ta kalli sama ko ƙasa, ta waiga hagu ko dama, ko ta karkace gefe har bangon ɗaki ya zama kamar zai faɗi. Sannan ga tashi da saukar da taku ke kawowa, inda kamerar gaba ɗayanta take hawa tana sauka tare da jikinka. Akwai wata ma da ba laifin hannunka ba ce: yawancin kamerori da saluloli layi-layi suke karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, ba lokaci guda ba, don haka in ka waiga da sauri ko ka ɗauka a bayan moto, sai turakun lantarki su lanƙwashe, hoton ya riƙa motsi kamar kawalwalniya.

Gimbal mai mota uku juyawar nan ce aikinsa, kuma ya iya. Akwai ƙaramar na'ura a jikinsa mai jin kowace karkata, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, ita ke ba motocin umarni su tura kamerar kishiyar inda hannunka ya kai ta. Mota ɗaya ta sama da ƙasa, ɗaya ta hagu da dama, ɗaya ta karkacewa. Karkarwar hannu ma yana shanye mafi yawanta. Amma babu mota ta huɗu da za ta ɗaga kamerar in gwiwarka ta sauke ta. Shi ya sa za ka ga bidiyon da aka ɗauka da na'ura mai tsada, bango a miƙe, fuskar ango a tsakiya, amma hoton yana lilo kamar wanda ke bisa raƙumi. Rabin abin da ya sa Hajiya jiri wannan ne, kuma ƙafa ce ke gyara shi, ba kuɗi ba.

Kafin ma a kai ga gimbal, akwai abin da ke cikin kayan da kake riƙe da su. Tun 1995 Canon ya fitar da objektif mai wani gilashi a ciki da ke motsawa don ya rama karkarwa. Canon na rubuta IS a jikin irinsu, Nikon na rubuta VR, Sony kuma OSS. Na sha ganin yaro yana kukan rawa alhali maɓallin nan a kashe yake a gefen objektif ɗinsa tun ranar da ya saya. Wasu kamerorin kuma farantin da ke karɓar hoton ne yake shawagi a ciki. Olympus ya kawo mai gyara ta fuska biyar a 2012, Sony ya bi da A7 II a 2014, yanzu kamerori marasa madubi da yawa suna da shi. Waɗannan biyun, in tsaye kake ko kana ɗan juyawa a hankali, sun wadatar. In ka fara tafiya ne ƙarfinsu ke ƙarewa.

Na uku shi ne gyaran da kwamfutar cikin na'urar ke yi, wanda saluloli da ƙananan kamerori irin su GoPro suka dogara da shi. Dabararsa ita ce ya yanke gefen hoto ya ajiye a matsayin rara, sai ya riƙa zame abin da ya rage don ya daidaita. GoPro ya kira nasa HyperSmooth tun daga Hero7 a 2018, Samsung yana da Super Steady, Apple ya sa Action mode a iPhone 14 a 2022. Da rana tsaka a bakin Gadar Kennedy, abin har mamaki yake ba mutum, kana gudu hoton yana kwance. To amma bukinmu da dare ake yin rabinsa, ƙarƙashin tanti, da ƴan ƙwayayen fitila da gurup ke riƙe da su. In haske ya yi ƙaranci, kamera tana barin idonta a buɗe ya daɗe kafin ta rufe, sai kowane hoto guda ya ɗauki dishi-dishin motsin hannunka a jikinsa. Kwamfuta za ta jera hotunan daidai, amma ba ta iya goge dishi-dishin, sai ka ga fitilu da sarƙar amarya suna wani irin ɓari kowane taku. Ba kuma za ka ce bari in ƙara saurin rufewar yadda na ga dama ba, don wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa. Mai ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa yana ajiye saurin rufewar ne a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, in ya kauce sai wasu fitilun su fara kyaftawa a bidiyo. A nan gimbal ya fi gyaran kwamfuta nesa ba kusa ba, tunda shi kamerar yake tsayarwa tun kafin hoton ya shiga.

Wani abin da nake tuna wa yara shi ne, ɗaukar hoto da hannu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim wanda kabarinsa ke nan Yamai, lokacin da suka biyo kogin Kwara a kwalekwale shi da abokansa biyu a 1946 zuwa 1947, ƙafafun kamerarsa sun salwanta a tafiyar, dole ta sa ya ci gaba da ɗauka a hannu da Bell & Howell, kamera mai sifirin da ake murɗawa, wadda ba ta kai rabin minti take tsayawa. Abin da ya fara da larura shi ya zama salonsa. Shi kuwa Garrett Brown na Amurka, da ya fito da Steadicam a 1975, nauyi da ma'auni ya yi amfani da su, da riga mai ɗauke da wani hannun ƙarfe mai sifirin, kuma wannan hannun shi ke shanye tashi da saukar taku, abin da gimbal ɗinmu na yau bai iya ba. Ƙannensa marasa riga, irin su Glidecam, har yanzu ana samunsu. Ba ruwansu da batir, ba ruwansu da caji, ƙura ba ta dame su sosai ba. Na yi aiki da irinsu shekara biyu kuma ba zan ba kowa shawarar saye ba sai mai haƙurin koyo: saitinsu na cin lokaci, nauyin duka a wuyan hannu ɗaya yake, kuma ranar da iskar hunturu ta taso sai kamerar ta riƙa juyawa kamar tutar makaranta.

Gimbal mai mota ya fito fili ne a 2013 da MoVI M10 na kamfanin Freefly, kuɗinsa wajen dalar Amurka 15,000, ba dalarmu ta kasuwa ba. DJI na Shenzhen a ƙasar Sin ya bi da Ronin a 2014, sai Zhiyun da Feiyu na Guilin suka shigo, farashi ya yi ta faɗuwa. RS 3 Mini da DJI ya fitar a farkon 2023 dala 369 aka sa masa. Abin da zai kai kafin ya iso Babbar Kasuwa, bayan kuɗin jirgi da na duwan da ribar mai kawowa, wannan kai da mai shago ne.

Yanzu ga wurin da ya kamata a daɗe. Kowane gimbal yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. RS 3 Mini kilo 2 ne, RS 3 da RS 4 kilo 3, masu Pro a sunansu kilo 4.5. Tsohon Crane 2 na Zhiyun kilo 3.2. Kada ka duba nauyin kamera a intanet ka ce ka gama. Haɗa ta yadda kake fita aiki da ita, da objektif, da batir, da makirufo, da ƴar fitilar da kake ɗorawa a kai, ka kai wa mai sayar da shinkafa ya ɗora maka a sikeli. Sony A7 III giram 650 ce da batir, amma objektif 24-70 GM na farko shi kaɗai giram 886 ne, ka ga an wuce kilo ɗaya da rabi tun ba a sa makirufo ba. Ni ba na son in kusanci iyakar. Jakin da aka ɗora wa daidai ƙarfinsa zai tashi, amma ba zai kai Katako da fara'a ba. Motar da ke aiki a ƙarshen ƙarfinta zafi take yi, ta sha batir, ta fara wata ƴar tsuwa da karkarwa da za ka gani a hoto.

Nauyi kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai tsawo. Objektif mai tsawo da nauyin baki yana tilasta maka ka ja kamerar baya sosai kafin ta daidaita, sai ƙeyarta ta riƙa dukan motar baya duk lokacin da ka ɗaga ta sama. A takarda kilo ya yi, a hannu bai yi ba. Haka objektif mai fitowa waje in an yi zum: ka daidaita shi a 24, kana ja zuwa 70 nauyi ya koma gaba, saiti ya lalace. Shi ya sa masu gimbal da yawa suke zama a kan objektif ɗaya gajere mai faɗin gani, su matsa da ƙafa in suna son kusanci. Kuma daidaitawar nan ba a tsallake ta. Kafin a kunna, sai kamerar ta iya tsayawa da kanta duk inda ka bar ta, a kowace fuska ta ukun. Wanda ya kunna ya bar motoci su yi kokawa da nauyin da bai daidaita ba, shi ne zai dawo bayan wata shida yana cewa kayan Sin ba su da ƙarko. Saboda haka cinikin biri a sama ne ka tura kuɗi don ka ga hoto a WhatsApp. Nemi abokin sana'a mai irin wanda kake so, ka ɗora kamerarka a kai ka gani.

Sai maganar da ba a cika yi ba, ita ce ta fokus, wato saitin da ke sa fuska ta fita tar. Hannunka biyu suna kan gimbal, wa zai murɗa objektif? In kamerarka tana bin fuska da kanta, kamar Canon daga 70D na 2013 zuwa sama masu Dual Pixel, ko Sony na ƴan shekarun nan, ba damuwa. Amma Canon 600D, wadda har gobe ita ce jarin yara da yawa a garin nan, ba ta bin mutum da kanta in tana ɗaukar bidiyo. Ka ɗora ta a gimbal ka bi amarya, hoto zai kwanta lafiya lau, fuska kuwa ta dushe. Kowane kamfani yana da jerin kamerorin da na'urarsa ke magana da su, har ka danna ɗauka daga mariƙin. Duba sunan taka a ciki kafin ka biya.

Waɗanda suka ƙera kayan nan ba a Yamai suke zaune ba. DJI ya rubuta cewa RS 3 yana aiki har zuwa digiri 45, Osmo Mobile 6 na salula kuwa 40 ne iyakarsa. Mu kuma a Afrilu da Mayu wuce 40 abin kullum ne, a inuwa ma, balle baƙin ƙarfen da aka bari a rana ko cikin but ɗin mota. Batirin litiyom zafi ne ajalinsa. A nan ne nake duba ko batirin na fita. Na RS 3 Mini a gine yake cikin mariƙin, kamfani ya ce awa 10, amma ranar da ya gaji sai an buɗe na'urar. RS 3 mariƙin ne batirin, ana cire shi a sa wani. Crane 2 da Weebill S kuwa batir 18650 suke ci, uku da biyu, irin wanda ake samu a kasuwa, ko da yake jabunsa ya fi na kirki yawa. Ga mai aiki a bazara, lokacin da wuta ke tafiya ba sallama, batirin da za ka zare ka sa wani ya fi wata sabuwar fasahar da ba za ka taɓa amfani da ita ba. Ƙura kuma tana shiga tsakanin motoci da kan sandunan da ake zamewa wajen saiti. Buroshi mai laushi bayan kowane aiki, da jaka mai zif, ba kwandon moto ba.

In okaziyo za ka saya, kunna shi da kamera a kai ka bar shi minti goma sha biyar. Taɓa kowace mota ka ji ko ɗaya ta fi sauran zafi. Kafa shi a tebur ka ga ko hoton yana zamewa gefe da kansa. Kashe shi ka juya hannuwan a hankali, in ka ji ƙaras-ƙaras kamar yashi a ciki, mayar wa mai shi abinsa.

Duk wannan bayanin bai amsa babbar tambayar ba: aikin naka ma na gimbal ne? Ɗauki ranar buki guda ka lissafa. Ɗaurin aure da safe, maza zaune bisa tabarmi, liman yana addu'a, ba inda za ka. Gaishe-gaishe, cin abinci, maroƙi yana zuba kirari, mata a fili ana liƙi an cunkushe har ba wurin juya gwiwar hannu. Wurin da ake buƙatar kamera ta yi tafiya bai fi fitowar amarya, da shigarta mota, da zagayen ɗaki a nuna jere ba. RS 3 shi kansa wajen kilo 1.3 ne, ka ƙara kamera, kusan kilo uku ke nan a gaban ƙirjinka daga hantsi har dare. Jiki magayi. Bayan awa uku kafaɗa ce za ta fara rawar da motoci ba su san da ita ba. Sanda mai ƙafa ɗaya, monopod, ita ce ba a ba ta girmanta a garin nan. Ba caji, ba saiti, tana shiga cunkoso, ka kafa ka ja zum, ka ɗaga ta sama da kawunan mutane in ta kama. Mai ɗaukar wa'azi, ko taron ƙungiya, ko kokowa daga bayan fage inda dole sai da dogon zum, shi ƙafa uku ce tasa, gimbal ba abin da zai ƙara masa sai ciwon baya. Ko igiyar kamera ma, in ka rataya a wuya ka tura kamerar gaba har ta ɗaure, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka rage rabin karkarwa ba ka kashe ko dala ba.

Masu salula lissafinsu ya fi sauƙi. Osmo Mobile 6 yana ɗaukar waya mai giram 170 zuwa 290, kuma riga mai kauri da makirufon da aka soka a gindi suna shiga lissafi. Matsalar da ta fi yawa ita ce ta manhaja: bin fuska da sauran wasannin da ake gani a talla ta cikin manhajar kamfanin suke aiki, kuma ba kowace Tecno ko Infinix ce take tafiya da ita sumul ba. DJI Mimo ma, manhajar Osmo ɗin, ba ta Play Store, daga shafin kamfanin ake sauke ta. Gwada a wayarka tukuna. Mai yin TikTok da rana, yana tallar atamfa ko turare, sau da yawa gyaran da ke cikin wayarsa da ƴar ƙafa uku sun ishe shi. Wanda kuma yake son abu guda da zai zaro daga aljihu, akwai Osmo Pocket 3 na 2023, kamera da gimbal a haɗe, sai dai kan nasa ba ya son faɗuwa kuma ba ya son yashi.

Wajen montaj ana iya ɗan rage ɓarna. A cikin manhajojin montaj, Premiere Pro yana da Warp Stabilizer mai rage rawa, DaVinci Resolve da CapCut suna da nasu, akwai kuma Gyroflow na kyauta ga kamerorin da ke ajiye bayanin motsinsu. Duka yanke gefe suke yi, don haka wanda ya ɗauka a 4K zai fitar a 1080 yana da rarar da zai bayar. In rawar ta yi yawa sai bango ya riƙa numfashi, abin ya fi na farko muni. Akwai kuma ribar hoto mai natsuwa da ba a cika lura da ita ba: aikinmu a WhatsApp da Facebook yake ƙarewa, su kuma matse bidiyo suke yi, hoton da ke rawa ya fi farfashewa in an matse shi.

Taku kuwa, dubi mai tallar nono da ƙwarya uku a kai tana ratsa kasuwar Wadata. Ƙugu da gwiwa ne ke aiki, kai yana tafiya a layi ɗaya. Haka ake bi da gimbal: gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, diddige ya fara sauka sannan yatsu, hannu kusa da jiki. Yashin unguwanninmu yana rage dukan ƙafa amma yana nutsar da ita, kuma silifas ba takalmin wannan aiki ba ne. Ni da kofi cike da ruwa na koya, daga ƙofar gida zuwa bakin titi, har sai da na daina jiƙa hannu.

Washegari yaron ya kai kayansa sikeli. 600D ce da objektif 18-135 da ƙaramin makirufo, kilo ɗaya da ƴan kai. Ta fuskar nauyi ko RS 3 Mini zai ɗauke ta, amma ga fokus da ba ya bi, ga objektif mai fitowa waje. Na ce ya sayi monopod yanzu, ya nemi objektif 10-18 na Canon mai IS, wanda faɗin ganinsa ke ɓoye rawa kuma kusan komai ke fita tar a cikinsa in da haske, sauran kuɗin ya ajiye wa canjin kamera. Bai ji daɗi ba, don gimbal a hannu yana sa dangin ango su ɗauke ka babban ma'aikaci, wannan kuma gaskiya ce da ba zan musa ba, har farashi tana ɗagawa. Muka shirya a kan zan ara masa nawa ranar Asabar, yana da buki a Talaje, ya yi fitowar amarya da jerin motoci da shi, sauran ya yi a kan sanda. Sharaɗin kawai, ya zo ranar Juma'a bayan la'asar ya daidaita kamerar a gabana sau uku, ni ina riƙe da agogo.